Likita Burkitt, Mai Ido Ɗaya Da Ya Bi Sawun Dajin Muƙamuƙi

A wannan fitowa filin namu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai ɗan bar gida ya tsallaka teku. Mun san wasu za su ce ina ruwan Bahaushen Jimeta da wani Bature da ya mutu tun 1993, wanda ba mu haɗa gari ba, ba mu haɗa harshe ba. To a yi mana haƙuri a biyo mu a hankali. Ciwon da mutumin nan ya share shekaru yana bin sawunsa ciwon 'ya'yanmu ne, kuma irin ƙasar da ciwon ya fi so irin tamu ce ta bakin Binuwai, mai zafi da fadama da sauro.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin irinsa, ko a unguwa ko a dangi. Yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas, lafiyarsa lau yana wasansa, sai a wayi gari kumatunsa ya ɗan tasa. Uwa ta ce hangum ne, kaka ta ce haƙori ne, a shafa wannan a jiƙa wancan. Kafin sati biyu kumburin ya ninka, haƙora sun fara girgiɗi, wani har ido ya turo waje, fuska ta karkace. Wani yaron kuma ba a fuska abin zai fito ba, ciki ne zai yi ta girma, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya. Daga nan sai maganar sammu da iska ta shigo. Wannan ciwo daji ne, kuma a cikin duk dajin da ke kama ɗan Adam babu wanda ya kai shi saurin girma, don yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ya fi kama yara maza a kan mata. Likitocin duniya suna kiransa da sunan mutumin da za mu ba da tarihinsa, wato Denis Burkitt.

An haife shi ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniyan hanyoyi ne na gundumarsu, amma yana da wata tarkar banza a ganin mutane: bin tsuntsaye. Yakan kama ƙananan tsuntsaye ya sa musu zobe a ƙafa don ya riƙa gane kowanne, sa'an nan ya zana taswira ya nuna iyakar inda kowane tsuntsu yake kiwo. A riƙe wannan, domin ɗan ma da taswira ya yi suna. Yana ɗan shekara 11 a makaranta yara suna jifa da duwatsu, dutse ya same shi a fuska, idonsa na dama ya lalace har sai da aka cire shi aka sa masa na gilashi. Da ido ɗaya ya yi sauran rayuwarsa, da shi ya yi wa dubban mutane tiyata.

A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar ya gaji uban a aikin injiniya. Ba wani haziƙin ɗalibi ba ne da ake nunawa da yatsa. Bayan shekara guda ya sauya zuwa likitanci, kuma aƙidarsa ta Kiristanci, wadda ya riƙe da ƙarfi har mutuwarsa, tana cikin abin da ya sa ya ga nan ne zai fi amfanar mutane. Ya gama a 1935, ya sami takardar ƙwarewa a tiyata daga Edinburgh a 1938. Burinsa ya zo Afirka, sai dai da ya nemi aiki a ma'aikatar lafiya ta mulkin mallaka aka ƙi ɗaukarsa, kuma idon nan na cikin dalilan. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa. Soja suka ɗauke shi likita, suka kai shi Kenya da Somaliya, ya yi aikinsa ba wanda ya ga gazawa. Da yaƙi ya ƙare babu sauran hujjar hana shi, a 1946 aka tura shi Yuganda.

Garin Lira aka fara kai shi, can arewacin ƙasar, asibitin karkara mai aiki fiye da hannu. A nan halinsa ya fara bayyana. Ya lura masu gwaiwa sun yi yawa, to maimakon ya yi ta fiɗa kawai ya sallame su, sai ya riƙa rubuta garin da kowa ya fito. Da ya tara lissafi ya ga yawancinsu daga gabashin gundumar suke, na yamma kaɗan ne. Ashe wata tsutsa ce da sauro ke yaɗawa ta fi yawa a can. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabara: wanda ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ke fara gane inda ɓaraka take. Bai cika shekara biyu a Lira ba aka mai da shi babban asibitin Mulago da ke Kamfala.

Shekara ta 1957 ce ta juya masa rayuwa. Wani abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙinsa ya kumbura ta ko'ina, sama da ƙasa, dama da hagu. Daji ba ya yin haka a saninsu, wuri ɗaya yake farawa. Burkitt ya ɗauki hoton yaron, bai gane ko mene ne ba, yaron kuma bai yi rai ba. Bayan 'yan makonni ya je duba marasa lafiya a garin Jinja, sai ya hango wata uwa zaune da ɗanta mai irin wannan fuska sak. Da ya duba shi sai ya ji har da ƙullutu a ciki. Ya koma Mulago ya zazzage tsofaffin fayil, ya tarar an sha ganin irin yaran nan, amma kowane sashe da sunan da ya ba ciwon. Na ido a ce dajin ido, na ƙoda a ce dajin ƙoda, na muƙamuƙi a ce dajin ƙashi. Shi ne ya ce a'a, ciwo ɗaya ne yake fitowa ta ƙofofi daban-daban.

A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin tiyata ta Ingila. Kusan ba wanda ya kula. Sai da masu duba tsoka a madubin likita na Kamfala, Greg O'Conor da Jack Davies, suka tabbatar cewa dajin na ƙwayoyin garkuwar jiki ne, irin waɗanda ke cikin kaluluwa, wanda ake kira limfoma, sa'an nan duniya ta fara juyowa. Gaskiya dai ba shi ne farkon wanda ya ga ciwon ba. Wani likitan mishan, Albert Cook, ya rubuta irinsa a Yuganda tun farkon ƙarni na 20, iyayen yara kuwa sun san shi tun kafin Bature ya zo. Abin da Burkitt ya yi shi ne ya tsaya ya yi tambayar da ba wanda ya yi: ina ne ciwon yake, ina ne kuma babu shi?

Jarin da ya fara da shi abin dariya ne, fam 25 kacal. Da su ya buga takardu fiye da 1,000 ɗauke da hotunan yaran, ya aika ta gidan waya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambaya ko suna ganin irin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya soka allura a jikin taswirar da ya rataye a bango. A hankali allurai suka yi layi, suka ratsa tsakiyar nahiyar daga gabas zuwa yamma kamar ɗamara, da jela da ta gangara ta gefen gabas. Arewacin Afirka babu, can kudu sosai ma kusan babu.

Bai gamsu da wasiƙa ba. A watan Oktoba na 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka sayi wata tsohuwar mota Ford, suka loda kayan gyara da guzuri, suka kama hanya kamar fataken da. Sati goma suna tafe, suka ci mil wajen 10,000, suka shiga asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Ko'ina suka sauka sai su fito da hotuna su nuna wa likita da ma'aikatan jinya, su buɗe rijista, su tambayi ƙauyen da kowane yaro ya fito. Abin da suka gano shi ne ciwon yana tsoron tudu. Kusa da tsakiyar duniya ba ya hawa sama da ƙafa 5,000, da aka gangara kudu ba ya wuce ƙafa 3,000, can ƙasa kuma sai a kwari da bakin teku kawai. Masana a Entebbe, irin su Alexander Haddow, suka duba taswirar suka ce ba tudun ba ne, sanyi ne. Duk inda sanyi ke sauka ƙasa da awo 15 zuwa 16 a ma'aunin zafi, ciwon ba ya zama.

Ba da jimawa ba ya zo Afirka ta Yamma, kuma a nan ne labarin ya shigo gidanmu. A kudancin Nijeriya ya tarar da ciwon jingim. Da ya hau Kano, duk da ɗimbin jama'ar da ke kewaye da birnin, sai ya ga da ƙyar ake samunsa. Kano kuwa ba sanyi ne ya hana ba. A Gana ma haka, yankin Akara mai ƙarancin ruwa ba shi da yawa, cikin kurmi kuwa ga shi nan. Ya gane ashe sharaɗi biyu ne, zafi da ruwa, kuma inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba ciwon ba ya samun gindin zama. To jama'a mu dubi kanmu. Iyayenmu da kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Haɗeja da Zazzau suka zauna a nan. Zafin Yola ba sai an faɗa wa kowa ba. Ruwan shekara ya haura inci 30. Ga kogi, ga tafkin Geriyo, ga gonakin shinkafa, ga ambaliya irin ta 2012 da 2022 da ta bar kududdufai a unguwannin bakin ruwa wata da watanni. Kuma kada 'yan'uwa na gida su ce sun tsira, don daga baya da asibitoci suka yawaita, likitocin Zariya da Kano da Maiduguri duk sun rubuta yawan yaran da suka gani da wannan ciwo.

Zafi da ruwa, wa suke haifarwa? Sauro da danginsa. Sai aka fara zaton ko wata ƙwayar cuta ce ta bairus da ƙwaro ke ɗauka daga yaro zuwa yaro. A lokacin an san bairus na sa wa kaji daji, amma ba a taɓa kama wanda ke sa wa mutum ba. Ran 22 ga Maris, 1961, Burkitt yana hutu a Landan ya yi lacca a asibitin Middlesex, cikin masu sauraro akwai wani masani mai suna Anthony Epstein, wanda dama bairus ɗin kaji yake bincike. Kafin a tashi ya yanke shawarar ajiye duk abin da yake yi. Suka shirya Burkitt zai riƙa aiko masa da tsokar ƙullutun ta jirgin sama daga Kamfala. Kusan shekara uku ana aikowa, babu abin da ya fito. A watan Disamba na 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgi zuwa Manchester, saƙo ya yi latti. Ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi kamar ya lalace. Wani da ya zubar. Epstein ya ɗiga a madubi, ya ga ashe ƙwayoyin dajin ne jijjigar tafiya ta warware su, suna yawo da ransu. Daga nan aka iya renon su a kwalba, aka leƙa cikinsu da babban madubi mai aiki da lantarki, aka ga bairus ɗin. Shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka buga labarin a watan Maris na 1964. Shi ne bairus na farko da aka danganta da daji a jikin mutum, ana kiransa Epstein-Barr.

Murna ba ta daɗe ba sai ga wani ƙulli. Da aka auna jinin mutane a ƙasashe daban-daban, aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya duka suna ɗauke da bairus ɗin, Bature da Baƙi, kuma ta miyau yake yaɗuwa, ba ruwansa da sauro. To me ya sa sai yaran wannan ɗamara? Wani masani Ba'amurke, Gilbert Dalldorf, ya kawo maganar zazzaɓin cizon sauro, Burkitt ya koma kan taswirarsa ya ga ta zauna daram. Inda zazzaɓi ba ya hutu rani da damina, nan ciwon yake. Tsibirin Zanzibar yana da zafi da ruwa, amma da aka yaƙi sauro a can, ciwon ya yi wuyar gani. Wani abin da ya lura da shi, wanda mu baƙi ya kamata mu ji, shi ne mutanen da suka sauko daga duwatsun Ruwanda da Burundi, inda zazzaɓi bai da ƙarfi, suka zauna a kwarin Yuganda, su ma ciwon ya kama wasunsu, har da waɗanda suka girma.

Burkitt ba mutumin ɗakin bincike ba ne, shi da kansa bai ɓoye ba. Amma ƙofar da ya buɗe ta kai masana har cikin asirin yadda daji ke farawa, kuma za mu ɗan tsaya a nan, gwargwadon yadda muka fahimta. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace ɗaya tana ɗauke da rubutun gado, an ɗaure shi kundi 46, biyu-biyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Kowane kundi ana kiransa kuromosom, an ba su lamba. A ciki akwai dubban umurni, kuma kowane umurni da makunninsa a kusa da shi, mai cewa yanzu a yi, yanzu a bari. A kundi na 8 akwai wani umurni da ake kira MYC, wanda aka fara gano ɗan'uwansa a bairus ɗin kaji. Aikinsa ya ce wa ƙwaya ta girma ta rabu biyu. Makunninsa mai tsauri ne, a kunna kaɗan a kashe. A kundi na 14 kuwa akwai umurnin ƙera makaman garkuwar jiki, shi kuma a cikin ƙwayoyin garkuwa makunninsa kullum a kunne yake, dare da rana.

A 1972 wasu masana biyu 'yan Bulgeriya, Manolov da Manolova, suka ga kundi na 14 ya yi tsawo fiye da kima a ƙwayoyin wannan daji. A 1976 Lore Zech da abokan aikinta a Suwidin suka nuna ƙarin daga kundi na 8 ya gutsuro. A 1982 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta su Carlo Croce da Riccardo Dalla-Favera da ta su Philip Leder, suka tabbatar abin da ke cikin gutsuren MYC ne. Misalin abin kamar injin markaɗe ne da aka cire daga makunninsa aka jona kai tsaye da layin wutar da ba a ɗaukewa. Injin lafiyarsa lau, ba abin da ya karye, amma ba mai iya kashe shi, zai yi ta juyawa har ya ƙone gidan. Kusan takwas cikin goma na masu ciwon wannan jonin ne na 8 da 14, sauran da kundi na 2 ko na 22. To ina sauro da bairus a nan? Ƙwayoyin garkuwa dama da gangan suke yanka rubutunsu su sake ɗinkewa don su ƙera makamin da ya dace da kowace cuta. Yaron da zazzaɓi ke bugu sau da yawa a shekara, ƙwayoyinsa kullum cikin yanka da ɗinki suke, tela mai gaggawa kuwa wata rana sai ya haɗa hannun riga da wando. A ƙa'ida ƙwayar da ta yi irin wannan kuskure takan kashe kanta. Bairus ɗin nan shi ke hana ta mutuwa. Wannan na cikin misalan farko da suka nuna wa duniya cewa daji na iya tashi don kawai umurni mai kyau ya faɗa ƙarƙashin makunnin da ba nasa ba. Kuma a lura, kuskuren a jikin yaron yake faruwa bayan haihuwa. Ba gadon uwa ba ne, ba na uba ba, don haka babu dalilin zargin dangin kowa.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan bincike. A 1963 a asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya reni ƙwayoyin wannan daji da aka ɗebo daga wani yaro ɗan shekara 11. Ana kiran ƙwayoyin Raji, kuma har yau suna raye a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, ana gwada magunguna a kansu, fiye da shekara 60 ke nan.

Sai maganar magani, wadda ita ce ta fi damun uwa. Tiyata ba ta yi, don ciwon ya riga ya bazu kafin a gan shi. Yuganda a lokacin ba ta da injin gashin daji, kuɗin sayen magani kuma babu. Sai Burkitt ya yi ciniki irin na wanda ya san kasuwa. Ya nuna wa kamfanonin magani cewa a Turai duk mai daji an riga an gasa shi kafin a ba shi maganinsu, don haka ba a sanin wanne ya yi aiki, amma a Kamfala in yaro ya warke to maganin ne. Suka ba shi kyauta. Aka fara da methotrexate, daga baya cyclophosphamide da vincristine. Abin ya ba kowa mamaki. Kumburin da ya rufe fuska sai ya narke cikin 'yan kwanaki, wasu yaran allura ɗaya ko biyu suka sha, iyaye suka gudu da su gida, da aka bi sawu bayan shekaru aka same su lafiya. Saurin girman ciwon shi ne lagonsa, don irin waɗannan magunguna ƙwayar da ke rabuwa suke kashewa. A Nairobi Peter Clifford yana irin wannan aiki, a Ibadan kuma maƙwabcinmu ne ɗan Kamaru, Farfesa Victor Anomah Ngu. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin likitocin da aka ba babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka, a shekarar kuma aka zaɓi Burkitt cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila.

A ƙasashen da suka ci gaba yanzu, yara tara cikin goma masu wannan ciwo suna warkewa. A wajenmu lissafin ya yi ƙasa da haka nesa, kuma dalilan mun san su. Ana ɓata sati uku wajen mai cire haƙori da wanzami, ciwon da ke ninkawa a kwana biyu. In an kai asibiti kuɗin gwaji da na magani su kori uba. Wani kuma da ya ga kumburi ya faɗa bayan allurar farko sai ya ce an gama, ya ɗauke ɗansa, ciwo ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ga asibitin ƙwararru nan a Jimeta, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke girma a idon mutum, da haƙoran yaro da ke girgiɗi ba lokacin famfara ba, abin kaiwa ne a makon, ba bayan an sayar da amfanin gona ba. Gidan sauro kuwa da ake rabawa, wanda wasunmu ke kewaye lambu da shi, kan gadon yara ne wurinsa.

A 1966 Burkitt ya bar Yuganda ya koma Landan aiki da hukumar binciken lafiya ta Ingila. Mutum zai ce ya huta, ashe sabon fage zai buɗe. Wani tsohon likitan sojan ruwa, Peter Cleave, ya ja hankalinsa ga cewa cututtukan da suka cika asibitocin Turai, irin su dajin hanji da basir da tsakuwar matsarmama da ciwon sukari, ya yi shekara ashirin a Afirka da wuya yake ganinsu a ƙauye. Sai ya sake ɗauko tsohuwar dabararsa ta wasiƙa da tambaya. Har bayan gidan mutane ya sa aka riƙa aunawa a sikeli, ya tarar na mutumin ƙauyen Afirka ya ninka na Bature uku zuwa huɗu, kuma abinci ya fi saurin ratsa cikinsa. Ya ce bambancin dusa ce da zare-zaren abinci da injin Bature ke cirewa ya zubar. Shi da tsohon abokinsa Trowell suka yi ta rubutu a kai, a 1979 ya fitar da littafi don talakawa wanda ya yi kasuwa ƙwarai. Ba duk abin da ya ɗora wa rashin dusa ne binciken baya ya gaskata ba, ya ɗan zarce a wasu wurare kamar yadda mai sabon kaya kan yi. Amma cewa hatsi da dusarsa da wake da ganye suna rage haɗarin dajin hanji, wannan ya tabbata. Mu da muke sayar da fulawa da sukari da taliya buhu-buhu, wannan magana ba ta yi mana daɗi ba, sai dai ba mu da bakin musu. Tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon rama da muke gani abincin rashi ne, shi Baturen nan ya zaga duniya yana yi wa talla.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da sauƙin kai da barkwanci, har da kansa yakan yi wa idonsa ba'a. Yabo in ya zo yakan tura wa abokan aiki. Duk da haka akwai abin da ke ɗan sosa mana rai. Sunansa ne a kan ciwon, sunayen Epstein da Barr a kan bairus, amma ma'aikatan jinya baƙaƙen fata da suka yi tafinta, suka bi ƙauyuka a kan keke neman yaran da aka gudu da su, da iyayen da suka yarda aka yanki tsokar 'ya'yansu aka sa a jirgi, yawancinsu ba a san sunansu ba. Haka zamanin mulkin mallaka yake, ba laifinsa shi kaɗai ba ne.

Ya ci gaba da yawon lacca har tsufa ya kama shi sosai. Ciwon shanyewar jiki ya buge shi, rai ya yi halinsa ran 23 ga Maris, 1993, a Gloucester ta ƙasar Ingila, yana da shekara 82. An binne shi a ƙauyen Bisley. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku.